Katin da Ba Na Asali Ba: Nazarin Wata Laftof da Ta Daina Ganin Waifai a Samaru Bayan An Koma Windows 11

A makon ƙarshe na watan Oktoban 2025, da hantsi, wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta shigo shagona na gyaran kwamfuta da ke Samaru, ta zaro laftof ɗinta daga jakar atamfa ta ajiye a kan teburi, bayan mun gaisa ta ce, “Malam, tun da ta koma Windows 11 ta daina ganin waifai, kuma an ce mini bod ɗinta ne ya ƙone.” Na ga ya dace in rubuta wannan lamari dalla-dalla, domin a cikin kwamfuta ɗaya na tarar da matsaloli huɗu a jere, kowace ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta buƙaci a sayi sabon kaya, alhali saura kaɗan baiwar Allah ta biya kuɗin bod, wato babban allon cikin kwamfuta da sauran kayanta ke haɗe da shi.

Lokacin da abin ya faru yana da muhimmanci. Ranar 14 ga Oktoban 2025 ce Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wato ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da aka tsara a lokacin zai kai 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 kuwa tun 5 ga Oktoban 2021 ta fito, amma yawancin mutanenmu ba su waiwaye ta ba sai da wannan wa'adi ya zo, sannan ɗalibai da ma'aikata suka yi ta sauyawa a cikin 'yan makonni. Kwamfutar wannan ɗaliba ta cancanci sauyin: furosesanta Core i5 ne na zubi na takwas, tana da TPM 2.0, wato sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata, kuma ma'adanarta ta wuce gigabait 64 da ake buƙata nesa ba kusa ba. Ba a yi mata wata dabara ta tsallake sharaɗi ba. Saƙon sauyawa ya zo mata ta Windows Update, ta sayi datar dare ta bar kwamfutar tana aiki, da asuba ta tarar an gama.

Kafin in taɓa maɓalli ko ɗaya sai da na sa ta ba ni labari daga farko, domin a wannan sana'a rabin gyara yana bakin mai kaya. Ta ce ta sayi laftof ɗin ta hannu shekara biyu da suka wuce, kuma ba ta taɓa ba ta matsalar intanet ba. Da ƙaramar MiFi take amfani a ɗakinta, wani lokaci kuma da hotsifot ɗin wayarta. Washegarin sauyin, alamar waifai da ke ƙasan allo ta dama ta ɓace, aka bar mata alamar duniya mai nuna babu intanet, kuma ko a cikin Settings babu kalmar Wi-Fi ɗungurum. Sai ta kai wa wani mai gyara a cikin gari. Shi kuma, bisa ga abin da ta gani da idonta, ya juya kwamfutar ya karanta lambar samfurinta a takardar da ke manne a ƙasa, ya sauko da direban waifai, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin waifai, na wannan samfuri daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya cire tsohon direban gaba ɗaya, ya ɗora sabon, bai yi ba. Ya yi Network reset, bai yi ba. Ya ɗora wata manhaja mai cewa tana nemo direbobi da kanta, bai yi ba. Daga ƙarshe ya share abin da ya kira tarkace don kwamfutar ta ƙara sauri, sannan ya yanke hukunci cewa bod ne.

Wannan sharar tarkace ita ce ta fi ɓata mini rai. Idan aka sauya daga Windows 10 zuwa 11 ta hanyar sabuntawa, tsohon tsarin yana nan ajiye a wani kundi mai suna Windows.old, kuma har tsawon kwana 10 mutum yana iya shiga Settings, ya zaɓi System, sannan Recovery, ya danna Go back, kwamfutarsa ta koma yadda take. Ranar da ta zo wurina kwana shida ke nan da sauyin, ashe da sauran kwana huɗu a hannunta. Amma kundin ya tafi tare da tarkacen, maɓallin Go back ya dushe ba ya dannuwa. Ga mace mai rubutun babi na huɗu na kundin bincikenta, wadda malamin da ke duba aikinta yake jira, an rufe mata ƙofar da za ta iya komawa ta ci gaba da aiki cikin rabin awa, ta bar gyara sai ta sami sarari. Ban ce mai gyaran ya yi da mugun nufi ba, amma bai kamata hannu ya riga ido ba a kan kayan wani.

Na fara da ƙananan abubuwa, waɗanda ba sa cin minti biyar. Yanayin jirgin sama a kashe yake, maɓallin waifai na saman kibod bai canja kome ba, a cikin BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, an bar na'urar waifai a kunne, kuma hidimar da ake kira WLAN AutoConfig, wadda idan ta tsaya Windows ba ta iya lissafo hanyoyin sadarwa, da na tashe ta ta tashi lafiya. Duk wannan bai dawo da alamar ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko katin waifai yana da rai, domin amsarta ce za ta raba tsakanin gyaran manhaja da sayen kaya. Ina da filashi da na ɗora wa Ubuntu, wadda ake iya tayar da kwamfuta da ita ba tare da an taɓa abin da ke cikin ma'adana ba. Na tayar da laftof ɗin daga filashin, na danna alamar sadarwa, sai ga sunaye sun jeru: rautar mai fotokofi da ke maƙwabtaka da ni, da ta mai POS na tsallaken titi, da wasu wayoyi biyu ko uku. Na juya mata allon na ce, “Malama, duba nan. Bod ɗin da ya ƙone ba ya ganin maƙwabta.” Ta yi hamdala, ta zauna a kan benci, wanda tun shigowarta ta ƙi zama a kai. Daga wannan lokaci na san cewa matsalar tana tsakanin Windows da katin, wato a direba, ƙaramar manhajar nan da ke yi wa tsarin aiki tafinta da kowace na'ura.

Na koma Windows na buɗe Device Manager. A ƙarƙashin Network adapters babu katin waifai. Can ƙarƙashin Other devices na same shi, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, ba shi da suna sai Network Controller, kuma bayaninsa yana ɗauke da lamba 28, wadda ke nufin ba a ɗora wa na'urar direba ba. A nan ne aikin ya juya. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta tana faɗin sunan mahaifinta da lambobi ko da Windows ba ta gane ta ba, kuma ana ganin wannan idan aka shiga Properties, aka zaɓi Details, sannan Hardware Ids. Ga irin wannan kati, layin yana farawa da PCI, sai VEN da haruffa huɗu masu nuna kamfanin da ya ƙera, sai DEV da wasu huɗu masu nuna samfurin. Mai gyara ya kamata ya haddace kaɗan daga ciki kamar yadda ya haddace lambar wayarsa: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C kuma na Qualcomm Atheros. Shafin kamfanin laftof ɗin direban Intel ya jera wa wannan samfuri, kuma shi mai gyaran farko ya ɗora. Abin da na karanta a allon kuwa VEN_10EC ne. Katin da ke cikin kwamfutar na Realtek ne, ba wanda ta fito da shi daga masana'anta ba, saboda haka ko sau ɗari aka ɗora direban Intel ba zai kama shi ba, kamar yadda makullin wani gida ba ya buɗe ƙofar wani.

Da ta ji na ambaci Realtek sai ta ce, “Malam, tsaya, kamar na ga wannan sunan.” Ta lalubo wani hoto a wayarta, wanda ta ɗauka ranar farko don ta tura wa ƙaninta. Hoton allon Device Manager ne kafin a cire tsohon direban, an rubuta “This device cannot start” da lamba 10, kuma a samansa ga sunan Realtek ɓaro-ɓaro. Wato tarihin ya fito sarai: tsohon direban, wanda ya girmi Windows 11, ya biyo sauyin amma ya kasa tashi a sabon tsarin, aka cire shi ba tare da an karanta sunansa ba, aka nemo na wani kati daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a kwamfutocin da muke saya na hannu. Kafin laftof ta iso Zariya ta bi hannuwa da yawa, kuma a hanya akan cire kati mai tsada a sa mai araha, ko a haɗa kwamfuta ɗaya daga gawar biyu. Ni a ganina takardar da ke manne a ƙasan irin wannan kwamfuta sunan gida kawai take faɗa, ba ta faɗin wanda ke ciki a yau. Katin kansa ba shi da laifi; shekara biyu yana yi mata aiki ba ta san da zamansa ba.

Sai matsalar da kowa ya sani: direban yana intanet, kwamfutar kuma ba ta da hanyar zuwa intanet. Mafita mafi sauƙi ita ce a haɗa wayar Android da kwamfutar da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, a kunna USB tethering a wayar, Windows ta ɗauke ta tamkar wayar intanet ta ofis. Kafin kome na shiga saitin wannan haɗi na kunna Metered connection, domin sabuwar Windows da ta yi kwanaki ba ta ga intanet ba tana iya shanye datar mutum kafin ya ankara. Na cire manhajar nan mai nemo direbobi, na cire kunshin Intel da ba shi da aikin yi, sannan na ɗauki lambobin VEN da DEV na nema a Microsoft Update Catalog, na sauko da direban da ya dace da su, wanda bai kai girman bidiyon minti biyu ba. Bayan na ɗora shi na danna Restart, ba Shut down ba, kuma da gangan na yi haka: tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast startup, wanda idan aka kashe kwamfuta yake adana zuciyar tsarin da direbobinta a ma'adana don ta yi saurin tashi, ta yadda kashewa da kunnawa ba ya zama sabon tashi na gaskiya. Da ta dawo, alamar waifai ta fito, sunayen maƙwabta suka jeru.

A nan na yi tuntuɓe, kuma ya kamata in faɗa. Na kunna hotsifot ɗin wayata don gwaji, kwamfutar ta ƙi ganinsa, alhali wayar yaron shagona tana ganinsa. Na kashe na kunna, na matso da wayar har ta taɓa allon, shiru. Na fara zargin cewa direban bai zauna daidai ba, har na kai hannu zan cire shi, sai yaron ya ce, “Oga, ba kai ka mayar da hotsifot ɗinka 5 ba rannan?” Gaskiyarsa. Na buɗe Command Prompt na rubuta netsh wlan show drivers, layin Radio types supported ya nuna 802.11b da g da n kawai, babu a, babu ac. Ma'ana katin zangon gigahaz 2.4 kaɗai yake ji, duk abin da aka watsa a zangon 5 kuwa a wurinsa babu shi. Na mayar da wayata 2.4, nan take sunanta ya bayyana. Da na cire direban a wannan lokaci, da na rushe gyaran da ya riga ya yi, saboda laifin kayan gwajina. Na bayyana mata cewa wannan ba naƙasa ba ce babba, domin zangon 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, 5 kuma ya fi sauri a kusa, kuma ga mai MiFi a ɗakin bulo bambancin bai taka kara ya karya ba; abin da za ta kiyaye shi ne duk wayar da za ta ara wa hotsifot a sa ta a 2.4.

Kwamfutar ta haɗu da wayata, amma a ƙarƙashin sunan aka rubuta No internet. Umarnin ipconfig ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, wanda Windows ke ba kanta idan ta roƙi adireshi daga rauta ba ta sami amsa ba. Tun da wayar yaron ta karɓi adireshi daga hotsifot ɗin ba gardama, abin da ke tare hanya yana cikin laftof ɗin. Na buɗe ncpa.cpl, na shiga Properties na katin, na bi jerin abubuwan da ke maƙale da haɗin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani baƙon suna a tsakanin na Windows. Na tambaye ta, ta tuna cewa a shekarar farko wani ɗan ajinsu ya ɗora mata wata manhajar VPN ta kyauta, ta yi amfani da ita sau biyu ta manta. Irin waɗannan manhajoji suna dasa matattara a tsakanin kati da sauran tsarin, duk bayanin da zai fita ko ya shigo sai ya bi ta cikinta, kuma idan tsarin aiki ya sauya ita ba ta sauya ba, takan zama toshewa. Na cire alamar da ke gabanta, cikin daƙiƙa kaɗan adireshin ya koma mai farawa da 192.168, shafin farko ya buɗe. Daga nan na cire manhajar gaba ɗaya, na rubuta netsh winsock reset da netsh int ip reset don share sauran sawunta, na sake tayar da kwamfutar. Ta kunna MiFi ɗinta, ta sake shigar da kalmar sirri, tun da Network reset ɗin farko ya goge duk waɗanda aka adana, ta buɗe imel ɗinta a gabana, muka yi sallama bayan azahar.

Bayan kwana biyu ta dawo. “Malam, tana yi, amma sai ta riƙa yankewa, musamman da yamma.” A shago na gwada ta awa guda ba ta yanke ba ko sau ɗaya, kuma irin wannan matsala mai ɓuya a gaban mai gyara ita ce ke sa a zargi mai kaya da ruɗewa, abin da ba na yarda in yi. Windows tana ajiye tarihin haɗin waifai na kwana uku, kuma umarnin netsh wlan show wlanreport yana fitar da shi a shafi ɗaya, da lokacin kowace haɗuwa da kowace yankewa. Muka zauna muna bin lokutan tare. Na karanto mata na yammacin jiya, ta yi shiru, sannan ta ce daidai lokacin nan aka ɗauke wuta a unguwarsu, don tana tuna fanka ta tsaya tana cikin rubutu. Na karanto na shekaranjiya, ta ce shi ma haka. MiFi ɗinta tana da batir, ɗaukewar wuta ba ta shafe ta ba. Laftof ɗin ce ke komawa kan batir, ni kuwa a shago tun da ta zo a jone take da caja. Na zare cajar, na ɗauki MiFi ɗin na kai ta bayan shago don siginar ta yi rauni kamar yadda take a ɗakinta, ba a yi minti goma ba haɗin ya yanke.

Dalilin yana cikin tsarin tattalin wuta. A Power Options, cikin saitin da ke ƙarƙashin Wireless Adapter Settings, Windows tana ba katin cikakken ƙarfi idan kwamfuta tana jone da wuta, amma a kan batir takan sa shi a matsakaicin tattali, ya riƙa gyangyaɗi tsakanin saƙo da saƙo. A inda wuta ba ta yankewa mutum zai shekara bai lura da wannan ba, amma a garinmu, inda laftof ke yin rabin rayuwarta a kan batir, saitin batir shi ne saitin yau da kullum. Na mayar da shi Maximum Performance, na kuma shiga Power Management na katin a Device Manager na cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don adana wuta. Na gaya mata gaskiya cewa batirinta zai ɗan rage daɗewa, ta ce ta yarda, gara caji ya ƙare da wuri da a yanke mata tana tsakiyar tura aiki. Muka bar ta a kan batir, MiFi na bayan shago, har aka kira la'asar ba ta yanke ba.

Da izininta na kwance murfin ƙasa don in ga katin da idona. Ɗan ƙarami ne, bai fi tambarin wasiƙa ba, wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, suna maƙale a mazauninsu, sukurun da ya riƙe shi kuma launinsa ya bambanta da sauran, alamar wani hannu ya riga mu zuwa. Na busa ƙurar da ta taru a fanka, tun da hunturu na ƙofa, na mayar da murfin. Sannan na karɓi filashinta na rubuta pnputil /export-driver * tare da sunan wani kundi da na buɗe a ciki, umarnin da ke kwafe duk direbobin da aka ɗora wa kwamfuta zuwa wuri ɗaya, domin ranar da za a sake sauya tsari ko a yi fomatin, direban katin yana hannunta ba sai an nemi intanet ba. A kan 'yar takarda na rubuta lambobin VEN da DEV da kalmomin “2.4 kaɗai”, na manne ta da salatif kusa da takardar kamfanin, yadda duk wanda ya juya kwamfutar zai ga biyun tare.

Ta tambaya ko ya kamata ta sayi kati mai jin zango biyu. Na ce ramin da ke bod ɗin zai karɓa, kuma aikin bai wuce minti goma sha biyar ba, amma sabon kati yana nufin sabon direba da sabon gwaji, ita kuma saura mata babi ɗaya. Ta ce a bari sai ta kare kundinta a gaban malamai. Ta mayar da laftof ɗin cikin jakar atamfa, ta sa filashin a ƙaramin aljihun ciki ta ja zif, ta fita ta tari Keke Napep zuwa babbar ƙofar jami'a.